Darasi Kan Kalmar "Knot": Yadda Ƙullin Igiya Ya Zama Ma'aunin Gudu

Mota, babur, jirgin ƙasa, duk da kilomita ake auna gudunsu. In aka ce direba yana gudun 120, ba sai an yi wa kowa bayani ba. Amma da zarar zance ya koma kan jirgin ruwa, ko jirgin sama, ko ƙarfin iska a bakin masu hasashen yanayi, sai ku ji an ajiye kilomita an ɗauko wata kalmar Turanci, wato "knot". Da harafin k take farawa a rubuce, amma ba a furta shi, "not" ake cewa. In gudun ya wuce ɗaya sai a ƙara s a ƙarshe. Ma'anarta a Turancin yau da kullum ƙulli, irin wanda ake yi wa igiya ko bakin zani.

To, me ya haɗa ƙulli da gudu? Amsar tana bayan jiragen ruwan Ingila na shekaru 400 da suka wuce, a hannun mutum uku da igiya ɗaya. Wanda ya fahimci aikin mutanen nan ba zai ƙara rikicewa da kalmar ba. Har gyara zai samu, domin zai san inda "log in" ɗin da yake dannawa a wayarsa ta samo asali.

Damuwar kyaftin a tsakiyar teku

Matafiyi a tudu yana da alamomi: gari, dutse, itacen kuka, allon gefen hanya. A teku kuwa, in an yi yini guda da barin gaɓa babu abin gani sai ruwa da sama. Rana da taurari suna iya nuna wa kyaftin nisansa ta arewa ko ta kudu in gari ya yi garau, amma ba sa gaya masa abin da ya ci ta gabas ko ta yamma. Saboda haka da lissafi yake rayuwa. Ya san inda ya taso, kamfas ya nuna masa inda ya dosa, ya kuma san awoyin da ya yi yana tafiya. Saura gudu. In ya san gudun sai ya ninka shi sau yawan awoyin, ya samu nisan da ya yi, ya ɗiga alama a taswira ya ce, "Nan muke."

Dabarar farko ita ce a jefa guntun itace a ruwa daga gaban jirgi, a ga tsawon lokacin da jirgi zai ɗauka kafin ya wuce shi. Tana aiki, amma da ƙiyasi mai yawa. Sai aka ɗaura wa itacen igiya. Littafin farko da aka buga da bayanin wannan shi ne na wani Bature mai suna William Bourne, mutumin garin Gravesend da ke bakin kogin Thames, a shekarar 1574. Ƙulle-ƙullen da ke jikin igiyar daga baya suka zo, a farkon ƙarni na 17.

Mutum uku da igiya

Kayan aikin huɗu ne. Akwai ɗan fallen katako da aka yanka rubu'in da'ira, tsawonsa bai wuce santimita 15 ba. An liƙa masa darma a gefen da ya lanƙwasa, don in ya faɗa ruwa ya tsaya a tsaye ya tokare, kada ya bi jirgi. Shi ake kira "log". Ma'anar kalmar gungumen itace, kuma sunan ya ci gaba da bin katakon ko da ya ƙanƙance ya zama abin riƙewa da hannu ɗaya. Akwai siririyar igiya mai tsawon fiye da gaba 100. Gabar nan kuwa ita ce dai wadda maginan rijiya suke awo da ita, hannu biyu a buɗe; Turawan teku suna kiranta "fathom", sun tsayar da ita a ƙafa shida. Akwai abin naɗe igiyar, mai kama da kwarkwaron masaƙa sai dai babba, da mariƙi a kowane gefe. Na huɗu agogon yashi: ƙananan kwalabe biyu baki da baki, yashi yana zuba daga ta sama zuwa ta ƙasa, ya ƙare cikin sakan 28.

In lokaci ya yi sai mutum uku su hallara a bayan jirgi. Ɗaya ya ɗaga abin naɗin sama da kansa da hannu biyu. Ɗaya, galibi yaro, ya riƙe agogon yashi. Na ukun, babbansu, ya wurga katakon cikin ruwa, ya bar igiya tana zarewa ta tsakanin yatsunsa. Ba nan take ake fara ƙirge ba. Ruwan da ke daf da bayan jirgi a hargitse yake, yana iya jawo katakon, don haka ake barin igiya ta fita kamar gaba 10 ko fiye tukuna. A daidai wurin an ɗaura ɗan tsumma. Tsumman na wuce hannunsa sai ya daka tsawa: "Juya!" Yaro ya kifa agogo. Igiya na ta gudu, ƙulli na wucewa ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa yaro idonsa na kan yashi. Ƙwayar ƙarshe na faɗawa ya ce, "Tsaya!" Babban ya damƙe igiya. In ƙulli bakwai suka wuce, gudun jirgi knot bakwai ne. Magana ta ƙare.

Da dare ma ba a fasa. A kowace alama an cusa ɗan zare mai ɗauke da adadin ƙullinta, ta uku ƙulli uku, ta biyar ƙulli biyar, yadda mutum zai shafa da yatsa a cikin duhu ya san inda aka tsaya. Jawo katakon da ya tokare ruwa kuwa aiki ne ja, musamman in jirgi na gudu, amma an yi masa dabara. Da gajerun igiyoyi uku aka ɗaure katakon, ɗaya daga ciki ba ƙulle take ba, ɗan turke ne aka cusa a rami. A fizgi igiya da ƙarfi, turke ya fita, katako ya kwanta a kan ruwa, a jawo shi cikin sauƙi. Jiragen yaƙi kowace awa suke yin wannan awo, yawancin na fatake kuma bayan awa bibbiyu, dare da rana, ko ana ruwa ko ana sanyi.

Lissafin da ke ƙarƙashin ƙulli

Tsakanin ƙulli da ƙulli ƙafa 47 ce da inci 3, wato mita 14.4. Ba da ka aka zaɓi wannan tazara ba. Awa ɗaya sakan 3,600 ce, mil ɗin teku kuma mita 1,852. Jirgin da ke cin mil ɗaya a awa yana cin ɗan abin da ya ɗara rabin mita a kowane sakan. A sakan 28 ya ci mita 14.4. Ke nan ƙulli ɗaya cikin sakan 28 daidai yake da mil ɗaya cikin awa. Gwanintar abin ita ce an yi lissafin sau ɗaya an ƙulle shi a jikin igiya, ta yadda ma'aikacin da bai taɓa shiga aji ba zai iya faɗin gudun jirgi muddin ya iya ƙirga zuwa goma. In jirgi na gudu sosai, don kada igiya ta ƙare, sai a ɗauko agogon sakan 14 a ninka abin da aka ƙirga sau biyu.

An daɗe kafin a daidaita a kan waɗannan alƙaluma. Da farko gaba bakwai ake bari tsakanin ƙulle-ƙullen, wato ƙafa 42, da agogon sakan 30, saboda an ɗauka mil ɗin teku ƙafa 5,000 ne. Wani masanin lissafi, Richard Norwood, bai yarda ba. Ya bi hanyar London zuwa York yana awo da sarƙa, wani wuri da taku, ya kuma auna tsayin rana a garuruwan biyu. Ya kammala a 1635, ya gano duniya ta fi yadda ake zato girma, mil ɗin teku ya haura ƙafa 6,000. A littafinsa na 1637 ya ba da shawara a mayar da tazarar ƙafa 50.

Matuƙa da yawa suka yi kunnen ƙashi, suka ci gaba da gaba bakwai ɗinsu shekara da shekaru. Mai karatu zai ce jahilci ne, amma akwai hankali a ciki. In ƙulle-ƙullen sun matsu, za a ƙirga fiye da gaskiya, lissafi ya nuna jirgi ya fi kusa da gaɓa a kan yadda yake. Sai a fara tsaro da wuri, a rage gudu, a sa mai duba hanya. Gara a yi ta jiran tudu bai zo ba da a ci karo da shi cikin dare. Shi kansa Norwood ƙafa 51 lissafinsa ya ba shi, ya rage ɗaya saboda wannan dalili.

Mil iri biyu

Kada a haɗa mil ɗin teku da mil ɗin tudu. Na tudu mita 1,609 ne, shi ne wanda Turawan mulki suka bar mana a sunayen wurare kamar Mil Tara a Kano da kasuwar Mil 12 a Legas. Na teku ya fi shi tsawo, kuma daga jikin duniya aka ciro shi. Kewayen duniya digiri 360 ne, kowane digiri an raba shi kashi 60, ana kiran kowane kashi minti. Minti ɗaya a kan layin da ya miƙe daga kudu zuwa arewa shi ne mil ɗin teku. Kano tana kan digiri 12 a arewa da layin da ya raba duniya biyu, ke nan tsakaninsu mil 720 ne na teku, kimanin kilomita 1,333. Wannan ne ya sa masu jirage suka ƙi rabuwa da shi: lambobin digiri da ke gefen taswira su ne kuma ma'aunin nisa, ba sai an juya komai zuwa komai ba.

A wani taron ƙasashe a Monaco a 1929 aka tsayar da shi a mita 1,852 cif. Amurka ta karɓa a 1954, Birtaniya sai 1970. Da shi ake shata iyakar ƙasashe a ruwa. Yarjejeniyar dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ta ba ƙasar da ke bakin teku, irin su Najeriya da Ghana da Kamaru, ikon mallaka har mil 12 daga gaɓa, da haƙƙin kifi da man da ke ƙarƙashin ruwa har mil 200.

Daga katako zuwa littafi, daga littafi zuwa waya

Duk awon da aka yi, da alli ake rubuta shi a wani allo mai layuka: awa, knot, inda aka dosa, inda iska ke fitowa. Kullum da tsakar rana sai a kwafe allon cikin littafi a goge shi. Tunda abin da katakon ya faɗa ake rubutawa, sai aka kira littafin "logbook", daga baya aka gajarta shi zuwa "log". Sannu a hankali komai ya shiga ciki: ruwan sha da ya rage, jirgin da aka hango, wanda aka yi wa bulala, wanda ya mutu. Littafin ya zama shaida a gaban kotu, kuma har yau masu binciken sauyin yanayi suna tono tsofaffin don sanin yadda iska take a teku shekaru 200 ko 300 da suka wuce.

Ba duka ne ke da daɗin karatu ba. John Newton, kyaftin ɗin wani jirgin bayi da ya taso daga Liverpool a 1750 zuwa gaɓar Saliyo, ya bar irin wannan littafi. A shafin da yake rubuta iska da yanayi, nan yake rubuta mutuwar 'yan Afirkan da ya saya, ba da suna ba, da lamba. Daga baya ya zama limamin coci ya shiga cikin masu yaƙi da cinikin bayi, amma littafin yana nan yadda ya rubuta shi.

Daga teku kalmar ta hau tudu. Direban ma'aikata yana da "logbook" na fita da dawowa da man da aka sha. Ɗaliban kwalejojin fasaha suna cike nasu lokacin koyon aiki a masana'antu. Matuƙin jirgin sama a ciki yake tara awoyin tashinsa. A farkon shekarun 1960, a jami'ar MIT ta Amurka, mutane da yawa suna amfani da kwamfuta ɗaya, kowa sai ya shigar da sunansa kafin ya fara aiki, umarnin yin hakan kuma "login" ne. Duk lokacin da kuka shiga Facebook ko manhajar banki, sa hannu kuke yi a littafin shiga da fita.

A kula: maɓallin "log" da ke jikin kalkuleta ba ɗan gidan nan ba ne. Gajarta ce ta wata kalmar lissafi da John Napier ya haɗa daga Girkanci a 1614.

Abin da katakon bai iya faɗa ba

Katakon yana auna gudun jirgi a kan ruwa ne, alhali ruwan kansa tafiya yake yi. In teku na jan jirgi gefe, tare yake jan katakon, igiya ba za ta nuna komai ba. Ga yashi da kan jiƙe ya ƙi zuba daidai, ga igiya da kan miƙe ko ta tsuke. Kuskure kaɗan-kaɗan in ya taru na kwanaki sai ya zama mil da yawa. A daren 22 ga Oktoba 1707, ayarin jiragen yaƙin Birtaniya ƙarƙashin Sir Cloudesley Shovell yana komawa gida, matuƙa suna zaton suna kan hanya mai kyau, sai suka afka wa duwatsun tsibiran Scilly. Jirage huɗu suka nutse da mutum fiye da 1,400, har da shi Shovell. A 1714 majalisar dokokin ƙasar ta sa ladan fam 20,000 ga wanda ya samo hanyar sanin matsayin jirgi ta gabas da yamma. Wani kafinta da ya koma ƙera agogo, John Harrison, shi ya warware matsalar da agogon da ba ya ɓata lokaci a teku, aka gwada shi a tafiyar Jamaika ta 1761.

Ita ma igiya mai ƙulli ta yi ritaya. A 1802 Edward Massey ya fito da na'ura mai farfela da ake ja a bayan jirgi tana ƙirga nisa da kanta. Yau tauraron ɗan'adam ke faɗin gudu. Amma lambar da ke fitowa a fuskar na'urar har yanzu knot ce.

Yadda ake amfani da kalmar

Knot ɗaya kilomita 1.852 ne a awa. Don lissafin baki, ku ninka lambar sau biyu, sannan ku cire kashi ɗaya cikin goma na abin da kuka samu. Knot 20 ya zama 40, a cire 4, saura 36. Ainihin amsar 37 ce, kun ga ba a yi nisa ba. A rubuce ana gajarta ta "kn" ko "kt". Jirgin Titanic yana gudun kimanin knot 22 ne, wato kilomita 41 a awa, sa'ad da ya daki dutsen ƙanƙara a Afrilun 1912. Jirgin alhazai in ya daidaita a sama yakan yi wajen knot 480, kusan kilomita 890 a awa. Rahoton iska da ake ba matuƙa a filin jirgin Malam Aminu Kano da na Yamai da knot ake bayar da shi, kuma sai iskar guguwar teku ta kai knot 64 kafin a sa ta a sahun manya.

Ga misalin aiki. A ce jirgin kaya zai yi tafiyar mil 1,800 na teku. A knot 15, awa 120 zai yi, kwana biyar ke nan. A knot 12, awa 150, kwana shida da awa shida. Me zai sa kamfani ya zaɓi jinkiri? Mai. Shan man jirgin ruwa yana hauhawa fiye da yadda gudunsa ke ƙaruwa, shi ya sa tun wajen 2008, da mai ya yi tsada, manyan jiragen kwantena suka rage gudu da gangan.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ce "knots per hour", ko da Hausa "knot 20 a awa". Awar tana cikin kalmar tun asali, tunda knot mil ne a awa. Wanda ya ƙara "a awa" ya faɗi abu ɗaya sau biyu, kuma ma'aikatan jirgi suna ji za su san baƙo ne. Haka nan knot ba nisa ba ne. Ba a cewa tsakanin Legas da Tema ta Ghana knot kaza ne, mil kaza ake cewa.

'Yan Birtaniya suna da salon magana, "at a rate of knots", ma'ana a guje. Ba sai jirgi ba: in farashin kaya na tashi ba ƙaƙƙautawa, ko yaro ya cinye abinci kafin a ƙifta ido, za su faɗe ta. Magana ce ta hira da jarida, ba a sa ta a takardar neman aiki, kuma Amurkawa ba su cika amfani da ita ba. Ita kuwa "tie the knot" ba ruwanta da awon gudu, ɗaurin aure take nufi.

Aiki

Ku amsa waɗannan a littattafanku. Jirgin da ke gudun knot 18, mil nawa na teku zai ci cikin awa 10, kuma kilomita nawa ke nan? Me ya sa tsofaffin matuƙa suka fi son ƙulle-ƙulle matsattsu? Mene ne kuskuren wanda ya ce iska tana kaɗawa knot 30 a awa?

A zama mai zuwa za mu gwada awon da kanmu a filin makaranta. Za a yi wa igiya ƙulli bayan kowace mita 7.2, a ɗaure bakinta a turke, turken shi ne katakonmu. Mutum ɗaya ya ɗauki naɗin igiyar ya yi tafiya yana warware ta, shi ne jirgi. Wani ya duba sakan 14 a waya ya ce "Tsaya!", na uku ya rubuta ƙullin da suka fita. Mai tafiyar ƙafa ta yau da kullum zai samu tsakanin knot biyu da uku. Ku kasu uku-uku, kowane rukuni ya zo da igiya mai tsawon mita 30, da tef ɗin awo na tela ko na magina, da littafin rubutu.